Isyaku Mai Aski Ya Tafi Majalisa

A unguwar Kusugu, cikin birnin Daura, akwai wani mai aski ana ce da shi Isyaku. In ka zauna a kujerarsa, askin minti goma sai ya ci maka awa guda. Hannunsa yana da sauri, bakinsa ne ba ya barin hannun ya yi aiki. Zai kunna kilifa ya ɗora maka a ƙeya, sai ya tuna wata shawara da ya taɓa bai wa wani babban mutum, ya kashe, ya zagayo gabanka ya kama bayani. A faɗarsa, babu wani kai mai daraja a ƙasar Daura da bai ratsa ta hannunsa ba.

Wata rana da hantsi, lokacin da siyasa ta fara ɗumi, yana yi wa Saminu aski. Saminu mai gyaran babur ne, shagonsa na jikin na Isyaku, kuma ya fi kowa haƙurin sauraronsa don ba shi da wurin gudu. Rediyo na karanto sunayen masu neman kujerar majalisar dokokin jiha ta mazaɓar Daura. Duk sunan da aka kira sai Isyaku ya ja tsaki.

"Wannan da ka ji," in ji shi, "bara ya zauna a nan. Ko bambancin gwamna da gwamnati bai sani ba sai da na warware masa."

Saminu ya ce, "To kai me ya hana ka fitowa? Don Allah ƙarasa mini askin nan, mutane na jirana."

Isyaku ya kashe kilifa. Ya dubi kansa a madubi ta dama, ya duba ta hagu, ya gyara hula.

"Saminu, tun da nake da kai ba ka taɓa yin magana mai hankali irin ta yau ba. Shekara goma sha bakwai ina aski a garin nan. Kowane kai yana da mata, kowace mata tana da dangi. In ka haɗa, ai Daura ce gaba ɗaya."

"Wasu fa sun rasu. Wasu kuma surutunka ya kore su, sun koma shagon bakin tasha."

"Waɗanda suka gudu kunyata ce za ta sa su zaɓe ni. Tashi, na naɗa ka daraktan kamfen."

Haka Saminu ya koma bakin aikinsa da muƙamin darakta da rabin aski.

Isyaku ya rufe shago ya nufi gida. Ya tarar da matarsa Maijidda a tsakar gida tana zuba wa ragonta dusa, wani farin rago da take kiwo tun yana ɗan ƙarami don ta sayar da Babbar Sallah.

Ya ce, "Maijidda, ki fara koyon zama a bayan mota. Daga yau kuma Honarabul za ki riƙa kirana."

Ba ta ko ɗago ba ta ce, "To Honarabul, gishiri ya ƙare."

"Ina maganar majalisa kina maganar gishiri?"

"Miyar da ba gishiri ko a majalisa ba ta shawuwa. Wa ya zuga ka?"

"Jama'a ce ta matsa."

"Mutum nawa?"

"Saminu."

Maijidda ta ce, "Allah ya saka mini tsakanina da Saminu."

Manyan jam'iyyu ba su ko bari ya wuce bakin ƙofa ba. A ɗaya ma, sakataren da ya gan shi cewa ya yi madalla, dama yana neman mai aski. Daga ƙarshe aka kwatanta masa wata ƙaramar jam'iyya a Katsina, wadda ofishinta ke cikin shagon sayar da abincin kaji. Shugabanta, Alhaji Misbahu, ya sauko daga kan buhu ya rungume shi, ya ce shekara takwas suna neman mai tsaya musu a Daura. Nan take aka yi zaɓen fid da gwani, Alhaji Misbahu ya ɗaga hannu, mai awon shagon ya ɗaga hannu, Isyaku ya yi nasara ba hamayya. Tambarin jam'iyyar guga ne.

"Guga!" in ji Isyaku da ya dawo. "Ni ɗan Kusugu, gidana taku kaɗan daga rijiya, a ba ni guga? Saminu, wannan ba haɗuwar banza ba ce."

Watanni suka wuce, aka buɗe kamfen. Isyaku ya sayar da janaretan shago don buga fasta. Saminu ya ba da shawara a rubuta "Isyaku zai yi ƙoƙari."

"Ƙoƙari na masu shakka ne. Ni na riga na tafi majalisa, rantsuwa kawai ta rage. A rubuta da manyan baƙaƙe: ISYAKU YA TAFI. A ƙasa a sa: SAI ADDU'A."

Janaretan bai kai ga fasta mai kala ba, sai aka buga fari da baƙi. A hoton ya sa farar riga, ya ɗaga kai sama don a ga mai hangen nesa ne, hasken kyamara kuma ya sa ya lumshe ido. Sunan jam'iyya da gugan suka fito ƙanana a can ƙasa, kamar ƙuda ya sauka a takarda. Da la'asar Saminu ya bi gari yana mannawa, tun daga Kusugu har Tudun Wada.

Washegari Isyaku ya yi sallar asuba a ɗaki ya koma barci, don a cewarsa manyan 'yan siyasa ba sa fitowa da wuri. Maijidda tana wanke-wanke sai ga maƙwabciya ta faɗo gidan da salati, ta rungume ta tana kuka. Kafin ta tambayi dalili wasu uku sun shigo, bayansu wasu biyar.

"Maijidda, sai haƙuri! Jiya-jiya na gan shi yana sayen rake!"

"Wa?"

"Ashe rabon a gana ke nan. Allah ya yafe masa surutunsa."

A waje maza sun shimfiɗa tabarmi. Liman ya iso ya aika a tambayi ƙarfe nawa za a yi jana'iza. Gwaggo Kande, ƙanwar mahaifin Isyaku, wadda aka buga wa waya tun daren jiya, ta hau ɗan acaɓa tun daga Mashi, ta iso muryarta a dishe.

Hayaniya ta tashi Isyaku. Ya leƙa ta taga ya ga ƙofar gida ta cika maƙil, zuciyarsa ta yi fari tas. Ya zura farar rigar nan ta hoto, ya fesa turare, ya fito zaure ya ɗaga hannu biyu sama.

"Jama'a, na gode! Ga ni na dawo gare ku!"

Ba a san wanda ya fara gudu ba. Takalma dai sun fi talatin da aka bari a wurin. Wani ya faɗa kwata, wani ya haye katanga da carbi a hannu. Liman ne kaɗai ya tsaya, shi ma don babbar rigarsa ta maƙale a ƙusar benci. Gwaggo Kande ta matso a hankali ta taɓa shi ta ji ɗumi, sai ta cire takalminta ta hau shi da duka.

"Ɗan banza! Na yi kuka tun daga Mashi, ƙura ta cika mini baki, ashe kana nan kana minshari!"

"Gwaggo, siyasa ce!"

"To ga siyasa!" Ta ƙara masa biyu.

Da ƙura ta lafa, Isyaku ya ja Saminu gefe yana shafa kunne. "Ka ga taro? Ban ma buɗe baki ba tukuna."

"Gawarka suka zo gani."

"Wanda ya zo mini a mace, ai ba zai ƙi ni a raye ba. Ka rubuta unguwar nan a cikin namu."

Bayan mako biyu ƙungiyar ci gaban unguwa ta gayyaci 'yan takara filin makarantar firamare, kowa ya faɗi abin da zai yi. Sauran suka yi maganar magani a asibiti da gyaran ajujuwa. Da aka zo kan Isyaku ya karɓi lasifika ya ƙi saki. Ya ce zai ɗura ruwan Kusugu a kwalba a riƙa kai wa Dubai. Ya ce zai sa fanka a kowace bishiyar da ake zaman hira. Ya ce kafin shekara biyu Daura za ta samu tashar jirgin ruwa.

Wani ya ɗaga murya daga baya, "Ina ruwan?"

"Ka dubi tambarinmu mana! Don me kake zaton muka ɗauki guga?"

Malama Rukayya, shugabar makarantar, ita ce mai gabatar da taro. Ta gyara tabarau ta ce, "Malam Isyaku, tambaya biyu gare ni. Majalisar nan da kake nema, a ina take?"

"Abuja mana."

"A Katsina take. Ta jiha ce."

Isyaku bai ko ƙifta ido ba. "Na sani, Malama. Gwada ki nake yi. Kuma in na shiga zan kawo ƙudurin a mayar da ita Abuja."

"To mene ne aikin ɗan majalisa?"

"Wannan ai mai sauƙi ne, na sha kallonsu a talabijin. Ka zo a makare, ka zauna a kujera mai juyawa. In an ce masu goyon baya, ka ce e. In an ce masu adawa, ka duba wayarka. In gwamna ya aiko da takarda, ka sa hannu kafin ka karanta, don kada ka ɓata masa lokaci. Bayan shekara huɗu ka dawo gida da atamfa."

Filin ya ɗauki tafi da sowa, har da masu riƙe ciki. Sauran 'yan takara suka sunkuyar da kai. Isyaku ya sauko yana ɗaga hannu, ya raɗa wa Saminu cewa malaman makaranta ma sun shigo hannu.

Saura ƙauyuka. Isyaku ya sayar da babur ɗinsa, ya ɗauki hayar a-kori-kura da lasifika, ya sayi guga hamsin na roba don rabawa. Direban ya ce bai san ƙauyukan sosai ba. Isyaku ya ce shi ƙasar Daura a tafin hannunsa take, ya shiga gaba ya zauna.

Suka ɗauki titin Mai'aduwa. Saminu daga baya ya buga rufin mota ya ce ai sun fita daga mazaɓa. Isyaku ya ce ratse ne. Da suka hango Kongolam, Saminu ya sake bugawa. Isyaku ya sa direba ya saki kwalta ya bi wata burtali, suka yi ta kutsawa cikin yashi da geza har rana ta take. Can sai ga wata kasuwa ta ci ta cika, raƙuma da jakuna da buhunan wake ko'ina.

"Ka gani?" in ji Isyaku. "Nan sauran ba su taɓa zuwa ba."

Ya hau bayan mota ya yi jawabin da bai taɓa yin irinsa ba. Ya yi awa guda da rabi. Ya yi alkawarin kwalta har ƙofar kowa, ya yi alkawarin taki kyauta, ya rantse ba zai manta da su ba ko ya zama gwamna. Mutane suka taru suna tafi, mata suna guɗa. Ya raba guga hamsin ɗin nan tas. Ya tambaya, "Za ku zaɓe ni?" Suka amsa, "Za mu zaɓe ka!"

Wani dattijo mai rawani da ya samu guga biyu ya matso ya ce, "Sannu da ƙoƙari, baƙo. Wai depite na ina kake nema?"

"Depi me?"

"Ɗan majalisa. Na wace jiha?"

"Na Daura mana, Baba! Garinku!"

Dattijon ya dubi na kusa da shi, ya dubi gugansa, ya ce, "To ai nan Nijar ce."

Kafin Isyaku ya haɗiye yawu, jandarmomi biyu, jami'an tsaron Nijar, sun iso. Suka gaishe shi cikin ladabi, suka tambayi takardar izinin yin taro a ƙasarsu. Ya miƙa musu fasta. Suka karanta, suka yi masa ta'aziyya, suka kwance lasifika suka riƙe, sannan suka raka motar har bakin iyaka. 'Yan kasuwa suka bi su da ɗaga guga suna cewa Allah ya maimaita.

Labari ya riga su isa Daura. Da ya shiga gida Maijidda ta ce, "Sannu da zuwa, Honarabul. Yaya mutanen ƙasar waje?"

"Ki yi dariya. A duk 'yan takarar nan wa ya samu goyon bayan wata ƙasa in ba ni ba?"

Maijidda ta ajiye muciya ta dube shi sosai. "Baban Hadiyya, janareta ya tafi, babur ya tafi. Wata biyu shagonka a rufe, mutanenka sun koma bakin tasha. Tuwon da kake ci da ɗinkin hulunana nake kawo shi. Ka buɗe shagon nan ko da almakashi ne."

"Saura kwana tara ki zama matar Honarabul. A lokacin za ki nemi gafarata."

Ranar Asabar ta zaɓe ya fito cikin babbar riga mai sitaci, tana ƙara kamar ana taka busasshen kara. Layi ya miƙe har bakin masallaci, amma ya wuce kai tsaye gaban tebur yana gaisa da mutane ta hagu da dama. Jami'ar zaɓen, wata 'yar hidimar ƙasa, ta karɓi katinsa ta sa a na'ura. Ta duba rajista, ta sake dubawa.

"Malam, ba a nan rumfarka take ba. Katin nan a Mashi aka yi shi."

Sai a lokacin ya tuna. Shekarar da aka yi rajista yana Mashi wajen bikin 'yar Gwaggo Kande, ya ga layin can ba tsawo, ya shiga, har ya dawo yana yi wa mutanen Daura dariyar sun sha rana.

"'Yan mata, kin san da wa kike magana? Ni ne ɗan takarar! Ga gugana nan a takardarki!"

"Allah ya ba da sa'a, Malam. Na gaba."

"To a ba ni mota in je Mashi!"

Wani a layi ya ce, "Yau ba zirga-zirga. Kuma ko ka je, can ba kai suke zaɓe ba."

Isyaku ya juyo ya fuskanci layi, ya gyara riga. "Ba komai. Dama ban yi niyyar zaɓen kaina ba, kada a ce na yi son kai. Ƙuri'a ɗaya me za ta rage mini?"

Ranar Lahadi da safe Maijidda ta tafi barkar haihuwa a Sabon Gari. Tana fita Isyaku ya kira mahauci. Saminu ya riƙe masa hannu ya ce, "Ka bari a faɗi sakamako tukuna. Ragon nan fa ba naka ba ne."

"In aka faɗa, ina lokacin gyaran nama? Gobe in saya mata garke."

Aka yanka rago, aka ɗora tukwane a ƙofar gida. Ya ɗauko makaɗan kalangu uku, suka sa shi a gaba har cibiyar tattara sakamako, suna kiɗa yana rangaji, takardar jawabin nasara na leƙowa daga aljihunsa.

Zauren ya cika da wakilan jam'iyyu da 'yan jarida. Baturen zaɓe, wani malamin jami'a mai sanyin murya, ya miƙe ya fara karantawa. Jam'iyyar farko dubu ashirin da 'yan kai. Ta biyu dubu goma sha huɗu. Ta uku dubu biyu. Isyaku ya taɓa Saminu ya ce, "Ka ji, sun bar mini sauran."

Aka yi ta sauka, masu ɗari, masu hamsin, masu goma sha. Can baturen zaɓe ya ce, "Jam'iyya mai alamar guga, ɗaya."

Isyaku ya miƙe. "Dubu ɗaya?"

"Ɗaya."

"Ɗari ɗaya kake nufi, Farfesa."

"Ɗaya tal, Malam. Wadda ake fara ƙirga da ita."

"A sake ƙirgawa!"

Baturen zaɓe ya ɗaga yatsa guda, ya dube shi, ya ce, "Na sake. Tana nan yadda take."

Zauren ya kece da dariya, har ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya juya baya yana girgiza. Aka karanta lalatattun ƙuri'u, ɗari huɗu da bakwai. Isyaku ya daka tsalle.

"Waɗannan nawa ne! Mutanena ne, ɗoki ya sa hannunsu rawa!"

 Aka bayyana wanda ya ci, wani ma'aikacin asibiti mai ritaya. Isyaku ya waiwaya ya yi wa makaɗansa alama su tafi, sai ya hango su can a gaban motar mai nasara, sun canza kirari ba su ko canza kiɗa ba.

A ƙasa suka tako gida shi da Saminu. Sun tarar da ƙofar gida cike, nama ya nuna, kowa da kwano a gaba. Labari ya riga ya iso, amma ba wanda ya ga dalilin barin nama ya huce. Suka ɗago suka gan shi. Sai wani mai kayan miya ya goge baki ya ce, "Honarabul, ka ga ƙuri'ar nan ɗaya? Tawa ce wallahi."

"Kai, ji tsoron Allah!" in ji na kusa da shi. "Ni na dangwala ta, ga tawadar ma ba ta fita ba."

"Tawa ce!"

"Ni da na yi sammako?"

Kafin a jima mutum ashirin da wani abu sun rantse a kan ƙuri'a guda, har biyu sun cakumi juna. Isyaku ya fara samun ƙarfi. Ya ce, "Saminu, ka shaida. Ga mutanena a zaune, an sace mini ƙuri'u."

Daidai nan Maijidda ta iso. Ta dubi tukwane, ta dubi farar fatar da aka shanya a katanga, ta leƙa turken da ba kowa. Ba ta yi ihu ba. Ta ciro waya daga jaka, ta buɗe hoton takardar sakamakon da aka manna a bangon rumfarsu jiya, ta miƙa wa liman da ke zaune cikin jama'a.

"Malam, don Allah karanta musu layin guga."

Liman ya kai wayar kusa da ido ya ce, "Sifili."

"Duk wanda ke zaune a nan a rumfar nan ya yi zaɓe," in ji Maijidda. "Ku ci, ragona ne, amma ku daina rantsuwa a kansa."

Kowa ya mai da kai cikin kwano. Isyaku ya juya a hankali ya dubi daraktansa. "Saminu, har kai?"

"Wallahi guga na dangwala. Ƙauna ce ta sa na danna da ƙarfi, takardar ta huje."

"Ke fa, Maijidda?"

"An ce mana zaɓe sirri ne."

Ana cikin haka sai ga wani tsohon babur ya tsaya a ƙofar gida. Wani dattijo siriri mai farin gemu ya sauko da ƙyar yana dafa gwiwa, fuskarsa a murtuke.

"Salamu alaikum. Nan ne gidan mai guga?"

"Nan ne, Baba. Ni ne."

"Sunana Mahdi, daga Madobi. Ƙuri'ar nan da aka faɗa a rediyo tawa ce."

Isyaku ya buɗe hannuwa zai rungume shi, idonsa har ya kawo ruwa. "Allahu Akbar! Jama'a, ku ga mai amana! A kawo masa cinya!"

Malam Mahdi ya tokare shi da sanda. "Tsaya can. Ban san ka ba, ban taɓa jin sunanka ba. An shafa mini tawada, na sunkuya zan dangwala wa nawa, gwiwata ta riƙe, na dafa tebur don kada in faɗi. Da na ɗago sai ga yatsana a kan guga. Na roƙi a canza mini takarda aka ce ba a yi. Kowa a rumfa ya ji. Tun jiya ba mai kirana Malam Mahdi, sai Mahdi Guga. Jikokina ma sun ɗauka. Shekara saba'in ina zaune da mutuncina a garin nan!"

"Baba, ƙaddara ce ta kai hannunka inda ya dace."

"Ciwon gwiwa ne ya kai shi."

"To ci nama tukuna."

"In ci a ce saye na ka yi? Ba zan ci ba."

Isyaku ya dubi jama'a, ya ga duk sun daina tauna suna kallo. Ya gyara murya ya ce, "Ko ma dai yaya ne, kotu zan tafi. Sai an bi mini haƙƙina."

"Madalla," in ji Malam Mahdi. "In za ka ka biya ka ɗauke ni. Ni ne shaida. In gaya wa alƙali kuskure ne, a cire ta, kowa ya huta."

Mai kayan miya ya ƙware da romo, aka hau bubbuga masa baya. Maijidda da ke tsaye a bakin zaure ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa duk da ragonta.

Malam Mahdi ya koma kan babur ya buga shi ya tashi. "Hau mu tafi. Yanzu za ka tsaya a ƙofar masallacinmu bayan la'asar, ka gaya wa mutanen Madobi da bakinka cewa ba ni da haɗi da kai, ba ka san ni ba, ban san ka ba."

Isyaku ya waiwaya. Ya dubi Maijidda, ya ga irin kallon da ke jiransa in jama'a suka watse, ya ga tafiya Madobi ta fi masa sauƙi. Ya tattare babbar riga ya haye bayan tsoho. Da babur ya fara tafiya ya waiwayo ya ɗaga murya.

"Saminu! In 'yan jarida sun zo, ka ce Honarabul ya tafi ziyarar godiya ga magoya bayansa!"

Ya ɗaga hannu zai yi wa jama'a bankwana. Malam Mahdi ya taka birki har suka yi tangal-tangal.

"Sauke hannun nan. In ka sake ɗaga shi a bayana, a ƙasa za ka ƙarasa Madobi."

Isyaku ya sauke hannu ya riƙe ƙarfen babur, suka tafi.